Lamunin Karatu: Kada a Manta da Masu Digiri na Biyu

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar lamunin ɗalibai a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND yake biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta, da alawus na naira 20,000 duk wata, kuma babu ruwa a kan bashin. Wannan abin a yaba ne. Sai dai ƙofar a rufe take ga masu neman digiri na biyu da na uku, alhali nauyin da ke kansu ya fi yawa. Da dama cikinsu magidanta ne. Daga aljihunsu suke biyan kuɗin rajista, da na gwaje-gwaje, da zirga-zirgar tattara bayanai. Sauran hanyoyin samun tallafin karatu kuma ƙuntatattu ne: TETFund malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyinsu, PTDF ta fi karkata ga fannonin man fetur, Chevening ta Birtaniya kuwa sai mai gogewar aiki ta shekara biyu. To ina ɗan talakan da ya fito da kyakkyawan sakamako amma bai samu aiki ba zai dosa? Daga cikin irinsa ne jami'o'inmu za su samu malaman gobe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da gwamnonin Arewa su buɗe wa waɗannan ɗalibai lamuni marar ruwa, da sharuɗɗan da kowa zai gani a fili.