Dabbar da Muka Raina

A tatsuniyoyin da muka taso da su, kura ce abar tsoro, zaki kuma sarkin dawa. Amma zaki ya daɗe da barin dazuzzukan ƙasar Gumel. Ɗan abin da ya rage a Nijeriya sai a Yankari da Kainji. Da za a bi maƙabartun Gagarawa Tasha da Maigatari da Sule Tankarkar, a tambayi ƙananan kaburburan da ake haƙawa tsakanin Agusta da Oktoba wace dabba ce sanadinsu, amsar da za ta fi yawa ita ce sauro.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 608,000 a duniya, kusan kashi 31 cikin ɗari a Nijeriya kaɗai, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Maciji, wanda ya zo bayansa, yana kashe tsakanin 81,000 da 138,000 a shekara. Cizon mahaukacin kare yana kashe kimanin 59,000. Abin da zaki da kada ke kashewa bai kai ko kusa ba.

Ba ina cewa a daina tsoron maciji ba ne. Manomin da ke yankan gero ko riɗi ya san kububuwa, wadda ba a banza aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa ba: dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Asibitin da ya shahara da maganinta yana Kaltungo a Jihar Gombe, tafiya mai nisa ga wanda aka sara a gonar Gagarawa. Wannan kaɗai ya isa hujjar ajiye maganin dafi a manyan asibitocin yankin. Sai dai idan maciji ya sari mutum, unguwa kan tashi tsaye. Idan jikin yaro ya yi zafi kuwa, sai a ce ɗan zazzaɓi ne, a jira gari ya waye. Sabo ya cire mana tsoro, kuma a nan hatsarin yake.

Sanin halin maƙiyi rabin yaƙi ne. Macen sauron Anopheles ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, kuma galibi da dare take cizo. Ba ta cika son ƙazamin ruwan kwata ba, wannan na wani sauron ne. Ta fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa: ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun taya, sawun kofaton shanu. A lokacin zafi, ƙwanta kan zama sauro cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Shi ya sa yanki mai yashi da gajeriyar damina irin arewacin Jigawa bai tsira ba. Cutar tana taruwa cikin wata uku zuwa huɗu, ta faɗa wa yara gaba ɗaya, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma jikinsu ya fi rauni.

Wannan taruwar kuwa dama ce. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafi sau ɗaya a wata a tsawon damina, kuma Jigawa na cikin jihohin da ake bi gida-gida da shi. Maganin na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na farko, uwa ta ba da sauran biyun. Idan aka tsallake su, kariyar ta ragu. Haka gidan sauro: wanda ke ninke a akwati, ko aka kewaye shuka da shi, bai kare kowa ba.

A nan nauyi ya hau kanmu, mu da muka yi boko muke aiki a Dutse da Kano da Abuja. Muna aika kuɗin asibiti bayan yaro ya fara jijjiga, amma ba mu cika buga waya a Yuli mu tambaya ko an ba shi maganin watan ba. Ƙungiyoyinmu na cigaban gari suna tara kuɗin bikin karramawa. Kaɗan daga ciki zai cike ramukan bayan gari kafin ruwa ya sauka. Maganarmu tana da nauyi a wurin dagaci da liman da kansila, kuma ita ce za ta iya kawar da shakkar da wasu iyaye ke yi wa magani na kyauta.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kafin daminar bana ta kankama, ka kira gida, ka tambayi yara nawa ne ke kwana a cikin gidan sauro.