Gasar Baƙi da Ingancin Abin Hawa: Shaidar Sabon Gari

A ƙasar Amurka akwai wata mas'ala da masu motocin yawon shaƙatawa suka daɗe suna tattaunawa, wato motocin nan da ake ƙerawa da gado da madafa da makewayi a cikinsu, waɗanda galibinsu daga Elkhart ta jihar Indiana suke fitowa, inda kamfanoni biyu, Thor da Forest River, suka kankane kasuwa. Masu saye suna kukan rufi mai yoyo da aikin gaggawa, suna cewa da baƙi za su shigo da nasu, da na gida sun gyara hali, kamar yadda Toyota da Honda suka tilasta wa maƙeran Detroit gyara a shekarun 1970 da 1980. Mu nan Zariya ba mu san irin wannan mota ba sai a hoto, amma ita mas'alar tamu ce, domin kuwa mun ga zuwan gasar baƙi da idonmu, mun kuma ga abin da ta haifa.

Dattawan Samaru ba su manta da zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, yake cika harabar Jami'ar Ahmadu Bello da motocin 504 ba, lokacin da malami ko ma'aikaci zai karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal, a-kori-kura kuma tana jigilar masara da tumatir daga ƙauyuka. Da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai tsofaffin motocin Turai, waɗanda muke kira Beljiyam, suka kwararo ta Kwatano. Wannan gasa ba ta ƙara wa motar Kaduna inganci ba, bal ma numfashinta ta ɗauke, domin kamfanin da ke sayo sassansa daga Faransa da kuɗin waje ba shi da ƙarfin da zai ja da motar da wani ya gama cin moriyarta ya sayar da araha. An sayar da kamfanin a 2006, hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta karɓe shi a 2012 saboda bashi, kuma makomar Steyr ta Bauchi da Fiat ta Kano ba ta fi tasa daɗin ji ba. Detroit tana da ƙarfenta da jarinta da injiniyoyinta sa'ad da Japan ta ƙalubalance ta. Mu kuwa haɗawa kawai muke yi.

Amma adalci ya wajabta a faɗi inda gasar ta yi amfani, kuma duk wanda ya tsaya a Kwangila da hantsi ya dubi baburan da ke kai da komowa tsakanin Samaru da Sabon Gari zai ga hujjar. Jincheng ta ƙasar Sin ta zo da araha, ta ture Honda da Yamaha da Suzuki daga hannun talaka, sa'an nan Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta karɓe kasuwar 'yan acaɓa, ba da talla ba, sai don ƙarancin shan mai da jure wahala da doguwar kujera. Dalili a fili yake. Ɗan acaɓa yana kai wa mai babur balas kowace yamma, saboda haka duk ranar da ya wuni a gindin bakanike, a aljihunsa yake jin ta, kuma kafin mako ya zagayo duk tashar ta san wane inji ne mai amana. Inda mai saye yake iya gane aibi da wuri, ya kuma sami wanda zai koma wa, to lalle gasa tana gyara kaya.

Shiga layin masu kayan gyara a Sabon Gari ka nemi boris ko fulogi ko takalmin burki, nan za ka ga ɗaya fuskar al'amarin. Mai shago zai tambaye ka, “Alhaji, orijina za a ba ka, ko Beljiyam, ko na daidai kuɗinka?” Wani lokaci kwali iri ɗaya ne, tambari iri ɗaya, alhali ƙarfen da ke ciki ya sha bamban, kuma aibin ba zai bayyana ba sai mota ta ɗauki iyali ta hau hanyar Kano. A nan masu shigo da kaya suna gasa ƙwarai, amma a kan farashi suke yin ta, har mai kaya nagari ya rasa ciniki. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa shari'a ta haramta algus, ta bai wa mai saye haƙƙin mayar da haja idan ɓoyayyen aibi ya bayyana, aka kuma naɗa muhtasibi mai duba mudu da ma'auni a kasuwa. Muhtasibinmu na yau shi ne hukumar SON mai kula da ingancin kaya, kuma ina ganin aikinta ya fi kuɗin fito muhimmanci a wannan babi.

Na ambaci kuɗin fito ne domin gwamnati ta fi karkata gare shi: tsarin motoci na 2013 ya ɗaga shi zuwa kashi 70 cikin ɗari a kan ƙananan motoci, a 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, dokar kuɗi ta 2020 kuma ta sake sassautawa, ta yadda mai niyyar kafa masana'anta bai san wace doka za ta riske shi baɗi ba. Ra'ayina shi ne a bar ƙofa a buɗe, amma a tsare ta da gwaji, a kuma wajabta wa dillali rubutaccen garanti. Ga tsangayar koyon injiniya a Samaru, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwa. Me zai hana ta haɗa kai da ƙungiyar masu kayan gyara da ta kanikawa, a riƙa gwada burki da taya da boris, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo, tare da sunan kowane tambari?