In Na'urar Wasan Yaro Ta Ƙi Tashi

A wannan wata za mu yi magana a kan na'urar wasa ta hannu da ake kira Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a shekarar 2022. Yaro yakan sabunta manhajarta da dare, gari ya waye ta ƙi tashi, ba a ganin kome sai tambari, ko kuwa baƙi ƙirin. Mun san abin da ke biyo baya. Uba ya tuna kuɗin da ya kashe, ya ɗauko bulala. A ajiye bulala tukuna, gama sau da dama na'urar ba ta mutu ba.

Da fari a sa ta a caji, a bar ta ta sha wuta sosai. Batir da ya ƙare ana cikin sabuntawa yakan jawo wannan, mu kuwa mun san halin wutarmu. Sa'an nan a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 10, a saki, a sāke kunna ta.

In ba ta tashi ba, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Na'urar tana riƙe da manhaja biyu, sabuwa da wadda ta gabace ta, kamar malamin da ba ya yar da tsohuwar rajista sai ya tabbata sabuwa ta yi daidai. A kashe ta sarai. A danne maɓallin nan mai ɗigo uku, a taɓa na kunnawa, kada a saki mai ɗigon sai jerin zaɓi ya bayyana. A zaɓi ta dā. In ta tashi, wasannin yaro suna nan, ba abin da ya ɓata.

Sai wannan ya gāsa za a nemi filashi mai gigabait 8 ko fiye, a sa masa manhajar gyara ta kamfanin. A jona shi, a kunna na'urar ana danne da maɓallin rage murya, a zaɓi filashin. A nan fa sai a lura ƙwarai. Akwai zaɓin da ke sāke sa manhaja yana ƙoƙarin barin wasanni, akwai wanda ke share kome da kome. Mai gyara da ke sauri yakan bi na biyun, domin ya fi sauƙi. In za mu kai masa, mu tsaya a kansa, mu faɗa masa wanda muke so tun bai taɓa ba. Ba kowane wasa ne ke ajiye inda yaro ya kai a intanet ba, wanda aka share kuwa sai a fara shi daga fari.