Filin Harshe da Adabi: Ido Kafin Alƙalami

A wannan mako za mu karkata ga malaman Hausa na makarantun sakandare, a kan wani darasi da ake yi wa riƙon sakainar kashi, watau koya wa ɗalibi ya dubi hoto ya bayyana shi da adon harshe.

Abin da aka saba shi ne malami ya shigo aji ya cika allo da sunaye: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, dabbantarwa, alamtarwa, kambamawa. Yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayar. Sunayen nan ba su da laifi, masana sun yi gumi kafin su tsayar da su, kuma wanda ya duba littafin Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya, wanda ya fito a 2001, zai ga amfaninsu wajen nazari. Amma fa sanin sunan garma ba ya sa mutum ya iya huɗa. Ka miƙa wa yaron da ya haddace su hoton wata mata, ka ce ya bayyana ta, sai ya rubuta maka cewa kyakkyawa ce kamar wata daren goma sha huɗu, ko da kuwa tsohuwa ce tana tsinken ƙuli a bakin kasuwa. Bai dubi hoton ba, abin da ya tarar a ajiye ya ɗauko. Wani ma ya fi wannan, sai ya ce abu fari ne kamar dusar ƙanƙara, alhali kuwa a Gusau aka haife shi ko a Agege, bai taɓa ganinta ba sai a littafin Turanci, ga kuma kindirmo da auduga da alli a gabansa.

Wani malamin zai ce ai makarantarsu ba ta da hotuna. To, akwai su a aljihunsa. A bayan takardar naira 10, wadda Alvan Ikoku ke gabanta, akwai matan Fulani biyu ɗauke da ƙorai a ka. Ko da yake takardar ba ta sayen abin kirki a kasuwar yau, a cikin aji tana da sauran daraja.

Malami ya zagaya da ita layi layi, kuma a karon farko ya hana kowa faɗin kalmar "kamar". Me ka gani? Mutum nawa ne? Ina suka sa hannuwansu? Wuyansu a miƙe yake ko a karkace? Wannan shi ne wurin da ya kamata a daɗe, domin yaron da bai lura da yadda ƙwarya ta zauna bisa kai ba, ba shi da abin da zai kamanta. Sai ido ya ƙoshi sa'an nan a tambaye shi, me wannan ƙwarya ta tuna maka? In ya ce ta yi kama da wata da aka raba biyu, ya yi kamantawa. A ce masa ya jefar da "kamar" ɗin, sai ya rubuta cewa ta ɗauko rabin wata a ka, ga siffantawa ta samu. A nan ne malami zai faɗa masa sunan abin da ya riga ya yi da kansa, kuma ba zai manta da shi ba.

Kada a ɗauka baƙon abu ake koya wa yaran. Tun suna zaune a tabarma da dare aka ce musu shanun gidanmu dubu maɗaurinsu ɗaya, suka ce tsintsiya; aka ce baba na ɗaka gemu na waje, suka ce wuta da hayaƙi. Kacici-kacici siffantawa ce da aka ɓoye kanta. Haka nan kullum suna cewa bakin kogi, da wuyan riga, da harshen wuta, da gindin bishiya, ba su san sun ba waɗannan abubuwa gaɓoɓin mutum ba. Saboda haka malami yana iya juya wasan, ya raba aji biyu, ɓangare ɗaya su ɓoye hoto su bayyana shi ba tare da ambaton sunan abin ba, ɗaya ɓangaren su canka. In an kasa canka, to, kamancen ne bai kama ba, kuma yaran da kansu za su yanke hukunci kafin malami ya buɗe baki.

Takardar naira 20 ta fi dacewa da manyan azuzuwa. A bayanta, tun daga 2007, akwai Ladi Kwali tana aikin tukunya. Ita ce shahararriyar magininar nan da ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954, ta kuma rasu a 1984, kuma an san tukwanenta da zanen ƙadangaru da kunamu da kifaye. Ya kyautu malami ya faɗa wa ɗalibai wannan tukuna, domin sanin mai hoto yana gyara zaɓen kalma. Ɗalibin da ya san shekarun da ta yi tana cuɗa yumɓu zai iya cewa tana riƙe da tukunyar kamar ungozoma da jariri, ko ya ce tukunya ta buɗe baki tana sauraron hannun uwarta, watau mutuntarwa ke nan. Wanda bai sani ba sai ya ce tana wanke-wanke.

Sai maganar ba da maki, inda ake yawan ɓata aikin. Wasu malamai suna ƙirga adon harshe kamar masu ƙirga goro, wanda ya fi yawa shi ya ci. Da zarar yara sun gane haka sai su dinga zuba "kamar" da "tamkar" a kowane layi, har matan Fulanin nan su zama barewa a layi na farko, kuka a na biyu, tauraro a na uku. A ganina gara a ɗauki jan alƙalami a tsaya a kan kowane kamance a tambayi yaron, nuna mini wurin da ka ga haka a hoton. Wanda ya sa yatsa ya nuna, a ba shi makinsa cikakke ko da kamance ɗaya ya kawo a shafi duka. Wanda ya kasa, a mayar masa da takardar kuɗin ya sake duba.