An Sallamo Shi Daga Likita, Wa Zai Karɓe Shi?

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, manoma da makiyaya, maza da mata, akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu. In aka tambayi mai gida labarin ɗansa marar lahiya, sai ya ce: "Ai mun kai shi likita." Shi ke nan, ya hita hakki. Ya koma gindin bedi ya zauna. Wannan magana tana kashe yara. Ya kamata mu daina ta.

Ku duba yadda abin yake tahiya. Yaro ya kamu da tamowa. Uwa ta goya shi har babbar likita ta Madawa. Aka kwantar da shi, aka ba shi madara da magani, ya murmure. Aka sallame su. Suka dawo gida, rumbu babu hatsi. Uban ya tahi cin rani Najeriya ko Abijan. Uwar ce mai daka, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai neman itace. Abincin tamowa na leda da aka ba yaron, ƴan'uwansa suka raba, ko kuwa wani ya kai shi kasuwa. Kafin wata 2, ga ta kan hanyar Madawa da yaron nan a baya. Laihin majo ne? A'a. Majo yana da allura da ƙwayoyi. Ba ya da rumbu, ba ya da amalanke, ba zai yi maka noma ba.

Gwamnati da baƙi sun yi nasu. A 2006 aka yi dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, da awon mata masu ciki. Bayan yunwar 2005 likitocin MSF sun zo Madawa da Buza don yaran tamowa. A 2013 waɗannan garuruwa suna cikin na farko a Nijar da aka fara ba yara maganin rigakafin masassarar sauro cikin damina, wata bayan wata. Amma ƙwayar rana ta biyu da ta uku a gida ake ba yaro. In uwa tana gona tun asuba, babu kaka ko maƙwabciya mai tunawa, aikin ya lalace.

Wani zai ce: "Mu talakawa ne, me muke da shi?" Ku ji abin da muke da shi. Muna da asusun mata. Mata Masu Dubara sun fara a jihar Maraɗi a 1991, kowace mace tana zuba ɗan abin da ta samu duk mako, mai bukata ta ranta. Muna da bankin cimaka a garuruwa da yawa. Muna da gayya. Muna da ungozoma da ƴan sa-kai da suke bin gida-gida. Makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram ta nuna cewa namiji yana jin maganar namiji ɗan'uwansa a kan awon ciki da haihuwa a likita. Duk waɗannan suna nan. Abin da babu shi ne mai haɗa su da marar lahiya.

Ku san kuma Turawa sun gano haka. A Ingila, tun 2019 gwamnati ta ɗauki ma'aikata waɗanda ba sa yin allura. Aikinsu su zauna da marar lahiya, su ji abin da ke damunsa, kaɗaici ne ko bashi, su haɗa shi da ƙungiyar unguwarsu. Su da kuɗi suke sayen zumunci. Mu da muka gaje shi kyauta, sai mu bar shi ya mutu?

Wani kuma zai ce: "Ai muna zuwa dubiya." Wace dubiya? Mutum 20 su cika ɗaki, kowa ya ce sannu, a dama masu hura daga ɗan hatsin marar lahiya, su tashi. Wannan ƙarin nauyi ne. Mai dubiyar kirki yana zuwa da tiya ta hatsi, ko tulun ruwa, ko ya ɗauki hauya ya shiga gonar mai ciwo.

To ga abin da za mu yi. Kowane mai gari ya tara jama'a, a zaɓi mutum 2, namiji da mace, masu riƙon asiri, waɗanda suka iya karatu. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku. Ku riƙe littahi, ku rubuta wanda aka sallamo da ranar komawarsa awo. Ku je wurin majo ku ce, in mai ciwo ya yarda, a gaya maku abin da yake bukata a gida. Mai rashin hatsi a kai maganarsa bankin cimaka. Mai rashin kuɗin mota a kai ta asusu. Mai tarin huka da zai sha magani wata 6, a samo mai tuna masa kullum, a yi masa gayya a gona. Tsohuwar da ɗiyanta suka tahi, a sa yara su riƙa ɗebo mata ruwa.

Kada wani ya ce ba mu iyawa. Iyayenmu ne suka dasa layukan bedi a kwarin Majiya tun 1975, suka tare iska. Matan Keita ne suka ɗauki duwatsu a ka tun 1984, suka raya ƙasar da ta mutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani tun muna yara. Ranar kasuwa mai zuwa, ku tambayi mai garinku: wa aka sallamo wannan mako, kuma wa ya je gidansa?