Amsar Tambaya: Injin Da Ya Yi Kiɗa Ba Makaɗi

Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda, yana cewa gardama ta tashi tsakaninsa da abokin aikinsa. Shi abokin ya ce kwamfutocin wasa na dā ba su iya kiɗa sai an sa musu na'ura ta musamman. Malam ya ce shi bai yarda ba, ya nemi in raba su. To, Malam, gaskiyarka, amma shi ma yana da tasa.

A shekarar 1982 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da wata 'yar kwamfuta, sunanta ZX Spectrum. Ba ta da na'urar kiɗa, sai wata 'yar lasifika da ba ta san kome ba sai abu biyu, watau a tura fatarta waje, ko a janyo ta ciki. Amma sauti kuwa ba wani abu ba ne face girgizar iska. Idan aka tura fatar nan aka janyo sau 440 cikin daƙiƙa guda, kunne zai ji murya sosai. In aka ƙara sauri muryar ta sirance, in aka rage ta yi kauri. Saboda haka masu rubuta wasanni suka umurci ƙwaƙwalwar injin ta riƙa ƙidaya lokaci, tana kaɗa fatar da kanta. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Ba su tsaya nan ba. Wani saurayi Bature, Tim Follin, ya shahara wajen ba kowace murya lissafinta dabam, su riƙa karɓa-karɓa a baki guda da saurin da kunne ba ya iya rabewa. Sai mai sauraro ya rantse makaɗa uku ne ko fiye.

Sai dai fa taura biyu ba ta taunuwa, a nan kuwa abokin Malam ya ke da hujja. Muddin ƙwaƙwalwar tana ƙidaya, ba ta da sukunin motsa hotuna. Don haka yawancin kiɗan nan a farkon wasa a ke jinsa, da an fara sai tsit. Matthew Smith, cikin wasansa Manic Miner na 1983, ya raba aikin, ɗan kiɗa, ɗan wasa, shi ya sa muryar ta fito a gutsuttsure. Da aka fito da Spectrum 128 a Ingila cikin 1986, sai aka sa mata na'urar kiɗa mai murya uku, ƙwaƙwalwa ta huta.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba. Nintendo 64 ta 1996 ba ta da na'urar da aka keɓe wa kiɗa, kowace muryar da aka ƙara, daga rabon sauran aiki a ke yanko ta.

Abin da na ke so mu lura, malamai da akawuna, sau nawa mu kan ajiye aiki mu ce ba a aiko da kaya ba? Mutanen nan ba su jira ba. Sun san injinsu ciki da bai, sun kuma san abin da kowace dabara za ta ci musu. Mai wata tambaya ya aiko.