Ƙaramin SSD bai yi laifi ba, kaya ne ba a raba ba

A shagunan gyaran kwamfuta na titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, akwai ƙorafin da masu gyara suka haddace tun kafin mai shi ya gama zama a benci: "Oga, C ɗina ya yi ja." Nufinsa, layin nan da Windows ke nunawa a ƙarƙashin faifan C ya rikiɗe daga shuɗi zuwa ja, alamar filin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kwamfutar ta yi nauyi, sabuntawa ta ƙi sauka, bidiyon suna ma an rasa inda za a sa shi. Amma da mai gyara zai leƙa gefe, sau da yawa sai ya tarar da faifan D, mai gigabait 500 ko terabait guda, yana zaune wayam kamar ba da kuɗi aka saye shi ba.

Kwamfuta mai ma'ajiya biyu ta yi yawa a kasuwa, musamman cikin 'yan gwanjon da ake shigowa da su daga Turai da Amurka: ƙaramin SSD mai gigabait 128 ko 256, sai babban faifai mai juyawa, wanda 'yan kasuwa ke kira had disk. Haɗi ne mai kyau ga mai ƙaramin ƙarfi. Inda gizo ke saƙar shi ne ana miƙa wa mai saye kwamfutar ba a raba kayan ba, ita kuwa Windows duk abin da aka ba ta a C take jibgewa, sai in an nuna mata wani wurin. Wannan rabo aikin mai sayarwa ne da mai gyara, kuma ya kamata ya shiga cikin ciniki yadda caja take shiga.

Kafin mai kwamfuta ya ajiye ko hoto guda, an riga an ci masa fili mai yawa. SSD ɗin da aka rubuta wa 128 a kwali, 119 Windows za ta nuna, domin masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirgawa, ita kuma da 1,024. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce Windows 11 na buƙatar aƙalla gigabait 64. Tun 2019 Windows ke killace kimanin gigabait 7 saboda sabuntawa. Akwai ɓoyayyen fayil ɗin da ke riƙe aikin mutum in kwamfuta ta shiga dogon barci, wanda girmansa kan kai kashi 40 cikin 100 na RAM. Bayan babbar sabuntawa kuma, tsohuwar Windows kan zauna a wata folda mai suna Windows.old har kwana 10. In aka ɗora Office da Chrome da manhajar sana'a guda ɗaya, abin da ya saura kaɗan ya ɗara rabi. Mai ɗaukar bidiyon biki zai iya cinye shi a aure biyu.

Dalilin da ya sa ba za a ce a kwashe komai a kai D ba yana cikin yadda aka ƙera na'urorin biyu. Had disk tsohon hannu ne. IBM ce ta fito da na farko a 1956, cikin kwamfutar RAMAC, da faya-fayai 50 masu faɗin inci 24, kuma duk girmansa haruffa kusan miliyan 5 kawai yake ɗauka. Na yau ya shiga aljihu, amma dabarar ba ta sauya ba: faifai yana juyawa, wata siririyar allura a bakin hannun ƙarfe tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. A kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci juyi 5,400 yake yi a minti, wato 90 a daƙiƙa. Duk sa'ad da aka nemi wani fayil, sai hannun ya matsa zuwa layin da yake, sannan ya jira faifan ya zagayo da shi. Wannan zirga-zirga ta sa da ƙyar yake biyan buƙata ɗari a daƙiƙa in abubuwan a warwatse suke. SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa. Ma'ajiyar filash ce, wadda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, kuma tana amsa dubun-dubatar irin waɗannan buƙatu a daƙiƙa guda.

Sai dai tazarar ba ɗaya ba ce a kowane aiki. Wajen kwafe dogon fayil, faifai mai juyawa kan ba da megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa, SSD mai mahaɗar SATA ya ba da kusan 550, ninki biyar ke nan. Wajen tsintar ƙananan fayiloli nan da can, ninkin ya kai ɗaruruwa.

Daga nan ƙa'idar rabo ta fito, kuma ba ita mutane suka saba bi ba. Da yawa kan auna fayil da darajarsa: takardar fili da hotunan aure su hau SSD tunda shi ne mai tsada, manhajoji su koma D tunda su ke cin wuri. An yi ta a baibai. Abin dubawa shi ne yadda kwamfuta ke karanta abin. Sa'ad da Windows ke tashi, ko Chrome ke buɗewa, ko CorelDRAW ke jero nau'o'in rubutu, dubban ƙananan fayiloli ake kalatowa, kuma a nan ne allurar faifai ke galabaita. Fim kuwa abu guda ne mai tsawo, daga farko ake bin sa har ƙarshe. Fim mai gigabait 2 da ke ɗaukar awa biyu bai buƙatar ko sulusin megabait a daƙiƙa, don haka faifan da ke iya ba da 100 ba zai ma san ana kallo ba. Uwargida ta daɗe da sanin wannan lissafi: gishiri da mai da ludayi a gefen murhu, buhun masara a rumbu, awon yau kaɗai ake ɗebowa.

Ke nan Windows da duk manhajojin da ake buɗewa kullum su zauna a SSD, tare da aikin da ke hannu. Fina-finai, waƙoƙi, karatuttukan malamai, hotunan shekarun baya da manhajojin da aka sauko aka riga aka girka su tafi D. Mai shagon tura fina-finai a waya kusan duk jarinsa can ya dace da shi. Mai shagon buga takardu ba shi da damuwa, domin takardun Word dubbai kan shiga gigabait guda, ko an bar su a C ba za a ji nauyinsu ba. Mai haɗa hoto a Kannywood shi ne ke da aiki ja. Adobe Premiere Pro na tara fayilolin wucin gadi a wani ɓoyayyen lungu na C, suna kumbura a hankali ba tare da ya sani ba. Zamansu a SSD na sa aiki gudu, amma sai ana share na ayyukan da aka gama, ɗanyen bidiyon kamara kuma ya jira a D.

Yin rabon bai kai shan shayi daɗewa ba. A buɗe sabuwar folda a D, a sa mata suna. A koma kan Downloads, a danna maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a zaɓi Location, a danna Move, a nuna sabuwar foldar. Haka za a yi wa Videos da Pictures da Music. Daga ranar, duk abin da aka sauko zai wuce D da kansa. Tarko ɗaya ne a hanyar, kuma ya kama mutane da yawa: wanda ya nuna D ɗin kansa, bai buɗe folda a ciki ba, Windows za ta ɗauki faifan gaba ɗaya a matsayin Downloads, warware wannan kuwa sai an sha fama. Akwai kuma masu wuce gona da iri, su ɗauke dukkan foldar Users ko Program Files su mayar D. Microsoft ta yi gargaɗi cewa hakan na iya hana sabuntawa tafiya, ga shi kuma an mayar da aikin SSD kan allurar da aka gudo daga gare ta. Abin da ya fi shi ne a kunna Storage Sense ta riƙa share tarkace, a kuma bar wa SSD kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a sake, domin yana buƙatar fili na jujjuya bayanai kafin ya goge ya sake rubutu.

Wasu kuma tsoro ne ke sa su lallaɓa SSD, wai rubutu na cinye shi. Gaskiya ne kowane ɗan gurbi a cikinsa yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka, amma lissafin ba abin firgita ba ne. Samsung 860 EVO mai gigabait 250 an ba shi garantin terabait 150 na rubutu. Mai rubuta gigabait 20 kowace rana sai ya shekara 20 kafin ya kai nan. Mujallar fasaha ta The Tech Report ta ɗauki SSD shida a 2013 ta yi ta rubutu a kansu dare da rana har suka mutu. Babu wanda ya faɗi kafin terabait 700, na ƙarshen kuma, Samsung 840 Pro, sai a 2015 ya miƙa wuya bayan ya haura terabait 2,400. Wanda ya kai manhajojinsa D don ya tsawaita ran SSD ya biya kuɗin gudu ne ya ƙi hawa.

Mai ja da wannan magana zai ce ai wahalar banza ce, a sayi babban SSD a huta. Inda hali ya yi, babu musu. Manyan kamfanoni ma can suka dosa bayan sun gwada yi wa mutane rabon da kansu. Seagate ta fito da faifan Momentus XT a 2010, mai ɗan filash na gigabait 4 a ciki. Apple ta kawo Fusion Drive a 2012, ta haɗe filash mai gigabait 128 da faifai mai terabait 1 ko 3 suka zama kamar abu guda, na'urar na ɗaga abin da ake yawan buɗewa zuwa ɓangare mai sauri. Intel ta gwada da Optane a 2017, ta rufe harkar a 2022. Duk sun bar hanyar bayan farashin filash ya sauko a kasuwanninsu. A Najeriya kuwa da dala ake shigo da kayan, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗalibi ko mai ƙaramin shago da ke da faifai mai terabait guda lafiya lau ba shi da dalilin jefar da shi.

Shi ya sa ake cinikin kadi, wato ɗan akwatin da ke maye gurbin ma'ajiyar DVD. A tsofaffin kwamfutoci irin ThinkPad T430 da HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430, mai gyara kan kifa kwamfutar a kan tebur, ya kwance sukuru guda ko ya ja maɗauri, ya zaro DVD ɗin. Sai ya kwantar da tsohon faifan cikin kadi, ya ɓalle murfin robar bakin DVD ya manna masa, ya tura shi ciki har ya ji ƙas. SSD ya shiga ainihin gurbin faifai, domin a wasu kwamfutocin mahaɗar DVD ba ta kai ta can sauri ba. Kaurin kadi iri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, wanda bai auna ba sai ya koma kasuwa. Aiki ne mai kyau, amma yawanci a nan ake tsayawa, a karɓi kuɗi, a sallami mutum da Downloads ɗinsa a C.

Rabon na da wata riba: ranar da Windows ta rikice aka ce sai an yi fomatin, C kaɗai za a goge, kayan D na nan. Amma kada wannan ya ruɗi kowa ya ɗauka yana da ajiyar ko-ta-kwana. Ma'ajiyoyin biyu a jaka ɗaya suke. Ɓarawo tare zai ɗauke su, ruwa tare zai jiƙa su, manhajar 'yan damfara mai kulle fayiloli ba ta bambanta C da D. Faifai mai juyawa ba ya son faɗuwa ko jijjiga yana cikin aiki, ko da yake wani lokacin yakan yi ƙas-ƙas ya ba da sanarwa kafin ya mutu. SSD sau da yawa rana ɗaya yake ɗaukewa, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo, saboda umarnin TRIM da Windows ke aika masa tun zamanin Windows 7 yana sa shi share gurbin. Mai ɗaukar hoto Ba'amurke Peter Krogh ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga takardun makaranta da na fili, gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta sun isa zama wancan wuri na daban.

Abin da ake nema daga masu sayarwa ba shi da yawa: su mayar da manyan foldodin nan D kafin kwamfuta ta bar shago, su kunna Storage Sense, su kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki. Ganin C da D ba hujja ba ce ta ma'ajiya biyu, domin faifai guda ma ana yanka shi gida biyu. Mai saye na iya buɗe Task Manager a gaban mai shago, ya shiga Performance, ya ga ko Disk 0 da Disk 1 ne, wanne aka rubuta wa SSD, wanne HDD. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar kowanne da yawan awannin da ya yi a kunne. Wanda ya ga faifan ya riga ya yi awa 30,000, wato sama da shekara uku ba kashewa, yana da bakin cewa, "Alhaji, a rage mini ko a canza wannan," tun kafin ya zuba hotunan 'ya'yansa a ciki.